Radiyeta Tana Zafi Ba a Kunna Ta Ba: Yadda Ake Gano Ruwa Mai Komawa da Baya, a Gyara Shi

A Ingila, da zarar watan Mayu ya kama, yawancin gidaje kan kashe ɗumama ɗakuna, a bar boila, wato injin da ke dafa ruwan gida, da aikin dafa ruwan wanka kawai. A daidai wannan lokaci ne wata matsala da ta ɓuya duk tsawon hunturu take fitowa fili. Mutum ya tashi da safe, ya taɓa radiyetar ɗakin kwana, wato faffaɗan ƙarfen da ruwan zafi ke ratsawa don ɗumama ɗaki, ya ji ta da zafi, alhali agogon saiti yana nuna ɗumama a kashe take. Ɗaki ya turnuƙe a lokacin da ba a buƙata, ruwan wanka ya daɗe bai yi zafi ba, kuɗin gas kuma yana tafiya a banza. 'Yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai su Landan, Manchesta ko Birmingham sukan sha mamakin abin, domin a gida ba mu saba da bututun ruwan zafi mai zagaya ɗakuna ba.

Abin da aka fi yi shi ne a ɗora wa bawul laifi, wato abin da ke buɗewa da rufe hanyar ruwa, a sayo sabo, a canza, washegari radiyeta ta sake ɗaukar zafi. Sau da yawa bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, yadda aka haɗa bututun ne ya buɗe wa ruwa wata hanya ta baya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tafin hannunka ya isa ya gaya maka inda matsalar take kafin ka kashe ko kwabo. Don haka rabin wannan jagora a kan bincike yake, kuma ina roƙo kada a tsallake shi.

Hanyar da ruwan yake bi

A gidan da ke da tankin ruwan zafi, boila ɗaya ce take aiki biyu. Ruwa yana fita daga cikinta ta bututun tafiya, injin tura ruwa ya kora shi, sai ya iso wurin bawul mai lantarki wanda ke raba masa hanya: ko ya shiga murɗaɗɗen bututun da ke cikin tanki ya ɗumama ruwan wanka, ko ya nufi radiyetoci. Masu aikin famfo a can suna kiran mai bawul ɗaya mai baki uku tsarin Y, mai bawul biyu masu baki bibbiyu kuma tsarin S. Bayan ruwan ya sauke zafinsa sai ya koma boila ta bututun dawowa.

A lura da abu ɗaya. Bawul ɗin a kan hanyar tafiya kaɗai yake tsaye. Hanyar dawowa a buɗe take koyaushe, babu mai tsaronta. Abin da ke hana ruwa ɓata a can shi ne jerin da aka bi wajen haɗa bututun, kuma ƙa'idar guda ce: a tattara dawowar duk radiyetocin gidan cikin bututu ɗaya tukuna, sannan dawowar tanki ta shigo, ta zama mahaɗa ta ƙarshe kafin boila.

Yanzu a ce an ƙara ɗaki a bayan gida, ko an sa radiyeta a kicin. Wanda ya yi aikin ya ga babban bututun dawowa yana wucewa kusa, sai ya yanka ya jona sabuwar radiyetar a nan, tsakanin mahaɗar tanki da boila. A hunturu babu wanda zai lura, domin komai yana zafi. Amma ranar da aka kunna ruwan wanka kaɗai, ruwan da ya fito daga tanki zai tarar da hanya biyu zuwa boila. Mafi yawansa zai miƙe kai tsaye. Sauran zai juya baya, ya haura bututun dawowar tsofaffin radiyetoci, ya ratsa su a juye, ya fita ta bututun tafiyarsu. Bawul a rufe yake, amma duk bututun da ke bayansa a haɗe suke da juna, don haka ruwan zai bi ta nan har ya kai sabuwar radiyetar, ya ratsa ta, ya sauka a mahaɗarta kusa da boila. Wanda ya taɓa ban-ruwa a lambu ya san wannan hali: in dai kwalbati yana da baki biyu, ruwa sai ya rabu, ko da ɗaya bakin ya fi nisa.

Wannan bayani yana da amfani guda da za mu dawo kansa. Radiyetar da aka jona ba daidai ba ita ce ƙofar fita, kuma ruwa yana ratsa ta ta hanyar da ta dace. Waɗanda ke zafi ta baya su ne marasa laifi.

Kafin a taɓa komai

In haya kake, gyaran ba naka ba ne. A Ingila, sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida alhakin kula da kayan ɗumama ɗaki da na ruwan zafi. Ka yi gwajin da ke ƙasa, domin ba ya buƙatar kwance komai, ka rubuta abin da ka gani, ka aika wa mai gida ko wakilinsa a rubuce. Bayani irin wannan yana hana a turo wani ya canza bawul ya tafi.

Murfin boila kuwa, da duk abin da ya shafi gas, na mai rajista ne da Gas Safe, rajistar masu aikin gas ta hukuma, wadda ta gaji CORGI a 2009. Ko gidan naka ne, kada ka buɗe.

Gwajin tafin hannu

Ana buƙatar kwana biyu, ko aƙalla safiya da yamma, domin dole bututu su huce sarai tsakanin gwaji da gwaji. Kayan aikin salatif ne da biro. Ma'aunin zafi da ake manna wa bututu yana taimakawa, amma hannu ya wadatar, in dai ana taɓawa a hankali.

Da farko ka gano wane bututu ne na tafiya a kowace radiyeta. Kada ka ɗauka gefen da ke da kan murɗawa mai lambobi shi ne na tafiya, domin bawul ɗin zamani ana iya sa shi ta kowane gefe. Komai yana sanyi, ka kashe ruwan wanka, ka kunna ɗumama kaɗai, ka bi ɗaki-ɗaki da sauri kana riƙe bututu biyun da ke ƙasan kowace radiyeta. Wanda ya fara zafi shi ne na tafiya. Ka manna masa salatif. Mintoci kaɗan na farko su ne masu muhimmanci, bayan haka duka biyun za su yi zafi ba za ka iya bambancewa ba. In da mai taimako, ɗaya ya tsaya a sama ɗaya a ƙasa.

Ka kashe, ka bar komai ya huce. Sannan ka kunna ruwan wanka kaɗai. In tanki yana da zafi boila ba za ta tashi ba, don haka a yi gwajin bayan an yi wanka. Ka tabbata duk radiyetoci a buɗe suke.

Ka fara da wurin bawul mai lantarki, wanda galibi yake cikin kabad ɗaya da tanki. A jikin mai baki uku akwai haruffa: AB daga boila, B zuwa tanki, A zuwa radiyetoci. Ka riƙe bututun da ke fita daga A, kamar kamu ɗaya ko biyu daga bawul ɗin. Ɗan ɗumi daf da bawul ba komai ba ne, ƙarfe ne yake jan zafi. Amma in zafin yana gudu a bututun yana yin nisa, bawul ɗin ne yake yoyo ta ciki. In bututun ya tsaya da sanyi, ka koma ɗakuna.

A nan sakamako zai fito. In radiyetoci suna fara zafi ta bututun da ba shi da salatif, ruwa yana komawa da baya ne, babu shakka. Ka nemo guda ɗaya, ko 'yan kaɗan, da suke ɗumi ta gefen salatif, kuma sukan makara, zafinsu bai kai na sauran ba. Su ne ake zargi, kuma galibi za ka tarar su ne aka ƙara daga baya.

Tabbatarwa ba ta da wuya. Ka rufe bawul ɗin radiyetar da ake zargi ruf, komai ya huce, ka sake kunna ruwan wanka kaɗai. In sauran sun zauna da sanyi, ka kama ƙofar fita. In za ka rufe ta gefen da ke da farar hula marar lambobi, ka ƙirga zagayen da ka yi ka rubuta, domin da wannan bawul ake daidaita rabon ruwa tsakanin ɗakuna, kuma dole a mayar da shi yadda yake.

In ba wannan ba ne

Akwai abubuwan da ke kama da wannan matsala amma maganinsu daban.

Bawul mai yoyo shi ne na farko. A gefen kansa akwai ɗan hannu mai wuri biyu, an rubuta AUTO (aiki da kansa) da MAN OPEN (buɗewa da hannu). Wani lokaci bayan an yi gyara akan manta shi maƙale a MAN OPEN, kuma sakin sa kawai shi ne maganin. Ka kashe wutar boila, ka tura hannun. In lafiya yake za ka ji yana turjiya, in ka saki ya koma AUTO a hankali. In ya tafi sakaka ba turjiya, bawul ya maƙale a buɗe. A irin su Honeywell V4073A da V4043H, ƙwallon roba ne yake toshe hanya, kuma yakan tsufa ko datti ya hana shi zama. Wayoyin kan bawul na volt 230 ne, aikin mai ilimin lantarki ne.

In boilar kombi ce, wadda ke dafa ruwa nan take ba tanki, to babu mahaɗar tanki da za a yi kuskure a kanta. In radiyeta na ɗumi duk lokacin da aka buɗe famfon ruwan zafi, bawul ɗin raba hanya da ke cikin boila ne. A kira mai rajista.

A tsofaffin gidaje akwai tsarin da ruwa ke hawa tanki da kansa ta manyan bututu masu milimita 28, saboda ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi. A nan radiyetocin bene ne kan yi ɗumi, ta gefen tafiya, injin tura ruwa yana kashe. Maganin bawul ne mai hana hawan ruwa a kan bututun tafiya, ko a sauya tsarin gaba ɗaya.

Sai radiyetar banɗaki da ake rataya tawul. A gidaje da yawa da gangan aka jona ta yadda za ta yi zafi tare da ruwan wanka, wani lokaci ma ita ce hanyar da boila ke sauke ragowar zafi bayan ta tsaya. In ita kaɗai ce take zafi, kuma ba ta da kan murɗawa mai lambobi, ka bar ta, kada ka rufe.

Wane gyara za a zaɓa

Hanya biyu ce. Ta gaskiya ita ce a ɗauke mahaɗar da ke wurin da bai dace ba, a kai ta inda ya kamata: ko a ja dawowar sabuwar radiyeta a haɗa ta da ta sauran kafin mahaɗar tanki, ko a ja dawowar tanki ita kaɗai har kusa da boila ta zama ta ƙarshe. Wanda ya fi gajeriyar hanya shi za a bi. Wannan gyara ba shi da wani abu mai motsi da zai lalace, kuma in ana iya kaiwa ga bututun, shi nake ba da shawara ko da ya fi cin kuɗi.

Ta biyu ita ce bawul mai hanya ɗaya. Yana da araha, kuma shi ne mafita in bututun suna ƙarƙashin siminti ko tayil. Sai dai yana rage wa ruwa ƙarfi, wani yana ƙara, kuma baƙar lakar da ke taruwa a tsohon bututu takan maƙale shi bayan shekaru.

Wurin da za a sa shi ne ake yawan kuskurewa. Mutum ya gano radiyetar da aka jona ba daidai ba, sai ya sa mata bawul ɗin a dawowarta. Ba zai yi komai ba, domin ruwa yana bi ta nan ta hanyar da bawul ɗin ya yarda da ita. Wani kuma ya sa wa radiyetar ɗakin kwana da ta fi damunsa. Ita za ta huce, ruwan ya koma maƙwabciyarta. Wurin da ya dace shi ne kan babban bututun da ya tattaro dawowar tsofaffin radiyetoci, daf da mahaɗar tanki ta gefen radiyetoci, kibiyar da ke jikinsa tana kallon boila. Galibi bututun nan mai milimita 22 ne, a sayi bawul daidai girmansa.

Akwai iyaka da ba a ƙetarewa. Kada wani bawul ya shiga tsakanin boila da bututun da ke haura wa ƙaramin tankin saman rufi, ko na shigar ruwa ko na fitar tururi. A tsarin da ke rufe mai agogon matsi, kada ya shiga tsakanin boila da tulun da ke karɓar kumburin ruwa, ko bawul ɗin tsaro da ke buɗewa in matsin ruwa ya kai bar 3 (bar shi ne ma'aunin matsi). Waɗannan su ne ke hana boila fashewa. In ba ka iya bin bututun da ido ka tabbatar ba, ka tsaya a nan ka kira mai aikin famfo, ka nuna masa salatif ɗinka.

Aikin kansa

Tun ana cikin gwaji ka yi wa bututun da za ka yanka alama, lokacin da kake jin zafinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bututun gas ma na jan ƙarfe ne, girmansu ɗaya, kuma sukan bi hanya ɗaya a ƙarƙashin katako. Bututun da bai taɓa yin zafi a hannunka ba, kada ka yanka shi.

Ka kashe boila, ka kashe makunnin wutarta da ke bango, ka bar ruwa ya huce. In da ƙaramin tanki a saman rufi, ka rufe ruwan da ke shiga masa, ko ka ɗaure hannun ƙwallon da ke yawo a kan ruwan cikinsa da igiya a jikin sanda. Ka tura hannun bawul mai lantarki ka maƙale shi a MAN OPEN don ruwa ya sami hanyar fita ta ko'ina. Ka nemo bakin zubar da ruwa, yana kusa da boila ko a wata radiyetar ƙasa, ka sa masa tiyo ka ɗaure, ka kai ɗaya bakin magudana a waje. Ka buɗe. Sannan ka kwance ɗan kusar fitar da iska na radiyetocin bene, in sun zube ka sauko na ƙasa. Ruwan baƙi ne kuma yana ɓata kafet har abada, don haka tsofaffin tawul da faffaɗan kwano su kasance kusa. Ko tiyo ya daina zuba, akwai ragowar ruwa a bututun da ke kwance.

Ka gwada bawul ɗin a jikin bututu, ka auna tsawon da za a cire, kana barin abin da zai shiga cikin bakinsa ta kowane gefe. In akwai wayar ƙasa mai kore da rawaya a jikin bututun, ka haɗa gefe biyun da waya ta wucin gadi kafin yanka. Ka yi amfani da abin yanka bututu mai zagayawa, ya fi zarto tsabta, ka goge bakin. Noti ya fara shiga, sai zobe, sai bawul. Ka sake duba kibiya. Ka ɗaure da hannu har ya tsaya, sannan sifana ɗaya ta riƙe jikin bawul, ɗaya ta murɗa noti tsakanin rabin zagaye zuwa ɗaya. Matsewa fiye da kima tana murƙushe zobe ta jawo yoyo. Gara a bar shi a ƙara kaɗan in ya ɗiga. A sa shi inda hannu zai kai gare shi nan gaba.

In mahaɗa za a ɗauke, matakan zubar da ruwa ɗaya ne. A cire tsohuwar a maye gurbinta da miƙaƙƙen haɗi, kada a bar guntun bututu toshe yana tara datti. A sa sabuwar mahaɗa a wurin da ya dace, a ja bututu yana ɗan gangara ko a kwance, ba tare da tudun da iska za ta maƙale ba. In da bututun roba za a yi, mita ɗaya na kusa da boila ya zama jan ƙarfe.

Wajen cikawa, ka rufe bakin zubarwa da duk kusoshin iska. Ka zuba maganin hana tsatsa, irin su Sentinel X100 ko Fernox F1, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalba, domin na da ya tafi da tsohon ruwa. Hannun bawul ya ci gaba da zama a MAN OPEN. Yanzu ma ya fi muhimmanci, tunda sabon bawul ya toshe hanyar da ruwa kan bi ta baya ya cika radiyetoci. Ka saki ruwa, ka fitar da iska daga ƙasa zuwa sama. A tsarin da ke rufe, ka kai allurar agogo tsakanin bar 1 da 1.5 ruwa yana sanyi, ka riƙa ƙarawa yayin da kake fitar da iska, sannan ka rufe bakin cikawa sosai. Ka shafa busasshiyar takarda a kowane haɗi ka ga ko ta jiƙe. Ka mayar da hannun bawul AUTO, ka mayar da duk bawul ɗin da ka murɗa zuwa zagayen da ka rubuta, ka kunna wuta.

Gwajin ƙarshe shi ne na farko. Komai yana sanyi, ruwan wanka kaɗai, ka riƙe bututun gefe biyu na sabon gyaran: gefen boila ya yi zafi, gefen radiyetoci ya tsaya da sanyi in ban da ɗan ɗumin ƙarfe. Sannan ka kunna ɗumama ka tabbata radiyeta mafi nisa tana zafi kamar da. In ta ja baya bayan an sa bawul mai hanya ɗaya, a ɗan rage buɗin radiyetocin da ke kusa da boila, ko a ɗaga gudun injin tura ruwa mataki ɗaya. Washegari ka sake fitar da iska, ka duba haɗin da agogon matsi, domin haɗin da bai ɗiga da ruwan sanyi ba yakan ɗiga bayan ya yi zafi ya huce.

A gidan da aka raba ɗumama kashi biyu, sama da ƙasa, kowanne da bawul ɗinsa, wannan matsala takan faru tsakanin kashin biyu: a kunna ƙasa, wata radiyetar sama ta ɗauki zafi. Gwajin salatif ɗaya ne, sai dai a maimakon ruwan wanka, kashi ɗaya ake kunnawa a bi ɗayan da hannu. Kowane kashi a tattara dawowarsa cikin bututu ɗaya kafin ya shiga babban bututun dawowa, ta tanki kuma ta biyo a ƙarshe.